Numfashi A Ɗakin Fiɗa

Ka taɓa tsayawa a maƙera? Kadan mai zuga ya saki zugazugi, wuta sai ta mutu. To, haka jikinka yake. Huhu shi ne zugazuginka. Babban mutum yakan ja numfashi sau 12 zuwa 20 cikin minti guda, ko yana farke ko yana barci.

Amma barcin da likita ke sa mutum domin a yi masa fiɗa ba irin na dare ba ne. An fara gwada shi a bainar jama'a cikin 1846, a birnin Boston na ƙasar Amurka. Barci ne mai nauyi ƙwarai: naman wuya ya saki, harshe ya koma baya ya tare hanyar iska. In aikin babba ne, akan ƙara wata allura mai sassake naman jiki duka, har numfashi ya tsaya.

Saboda haka akwai likita guda wanda ba ruwansa da wuƙa. Yana zaune wajen kanka, shi ne mai zuga. Da fari ya kifa maka ƙoƙon roba bisa hanci da baki, ka shaƙi oksijin, watau sashen iska mai rayarwa. Kadan barci ya ɗauke ka, sai ya haska maƙogwaronka da ɗan ƙarfe mai fitila, ya zura siririyar mesa cikin hanyar iska, ya haɗa ta da na'ura mai hura huhu. Yana kuma da jakar roba wadda zai matsa da hannu in bukata ta taso. A yatsarka akwai ɗan awo mai nuna masa yawan oksijin cikin jini. Ba ya zare mesar sai ka koma numfashi da kanka.

Saura naka aikin. Mai wannan barci ba ya iya tari. In akwai abinci a cikinsa, yana iya tasowa ya gangara huhu, wannan kuwa yakan yi kisa. Shi ya sa akan hana abinci awa 6 kafin fiɗa, ruwa kuma awa 2. Kadan ka manta ka sha ko da ludayin koko ne, kada ka ɓoye don kunya. Faɗa wa likita. Gara a ɗaga aikin zuwa gobe.

Tambayoyi
1. Me ke tare hanyar iska?
2. Don me akan hana abinci?