Kiwon Kifin Kap: Lissafin Riba da Hasara

Ya ku manoma da dagatai, akwai wani kifin ruwan daɗi da Turawa ke kira kap. Mutanen ƙasar Sin sun fi shekara 2,000 suna kiwonsa cikin tafkuna, kamar yadda mu ke kiwon tumaki a gida. A 1954 aka kawo irinsa daga ƙasar Ostiriya, aka zuba shi a gonar kifi ta Panyam, a ƙasar Filato, gama yana jure sanyin tudu fiye da kifayenmu.

Kifin nan ba shi da zaɓen abinci. Yakan tona laka ya ci tsutsa da ƙwari, ya ci dusa, da tsakin masara, da ƙuliƙuli. Nan ribarsa ta ke, domin tarwada tana bukatar abinci mai tsada, shi kuwa in an zuba wa tafki kashin kaji ko na shanu, ruwa ya yi tsanwa, ya samu wani kashi na cimarsa kyauta.

Amma kada mutum ya kama haƙa sai ya zauna ya yi lissafi. Kuɗin farko na ginin tafki ne, shi ne kuwa mafi nauyi, ba ya dawowa a shekara guda. A raba shi bisa shekarun da tafkin zai yi aiki, a cire rabon kowace shekara daga ciniki kafin a ambaci riba. A nemi ƙasa mai yumɓu. Wanda ya haƙa a jigawa ya zuba dukiyarsa a rariya.

Sa'an nan sai kuɗin 'ya'yan kifi, da abinci, da ladan mai gadi. Ga misali. A ce mutum ya zuba 'ya'ya 1,000. Zalɓe da guza da ciwo suka ci 200, saura 800. In kowanne ya kai rabin kilo, ya sami kilo 400. In kuwa kilo 3 na dusa da tsaki ke ba da kilo guda na kifi, ya ciyar da kilo 1,200. To, ya tambayi kuɗin dusa a kasuwarsu, ya tambayi na kifi. In kilo guda na kifi bai fi kuɗin kilo 3 na abinci nesa ba, ya bar sana'ar, gama sauran bashin yana nan yana jiransa. Mai hankali yakan sayi dusa da kaka, sa'ad da ta ke araha. Kada kuma kwaɗayi ya sa a cika tafki da kifi. In sun yi yawa sai su tsumbure, a ƙare da tarin ƙanana marasa daraja.

Abin da ya fi kayar da mutane, kasuwa ce. Kap yana da ƙananan ƙayoyi cikin tsokarsa, mutanenmu kuwa sun saba da tarwada da karfasa. Tarwada ce mafi yawan kifin da ake kiwo a Nijeriya yau, tana kuma daɗewa da rai bayan an fid da ita daga tafki. Saboda haka a sami mai saye tukuna, ko mai yin banda, kāna a yashe ruwa. Kifi ba gero ba ne da za a kai rumbu a jira tsada.

Ku dagatai, in wani ya nemi fadama domin tafki, ku dubi ruwan da rani, ba da damina ba. Ku ji ta bakin masu lambu da makiyaya da ke ƙasa da wurin kafin a datse rafi. A sa raga a mafitar ruwa, domin kap in ya kuɓuta yakan dagula rafi da tonon laka, ya ɓata wa kifin gida mazauni. A kuma riƙa duban bakin tafki, gama tononsa kan zaizaye shi, a gyara tun ambaliya ba ta zo ba.