Afaziya: Hanyoyin Maido da Harshe Bayan Rauni a Ƙwaƙwalwa

Afaziya ita ce gazawar sarrafa harshe sakamakon rauni a ƙwaƙwalwa, galibi a ɓangaren hagu. Abubuwan da suka fi jawo ta su ne shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini kan haddasa, da buguwar kai irin ta haɗarin kabu-kabu. Majinyaci bai zauce ba. Hanyar da ke tsakanin tunaninsa da kalma ce ta toshe.

A 1861, Paul Broca na Faransa ya bayyana majinyacin da ke fahimtar magana amma ba ya furta komai sai gaɓa ɗaya, "tan". A 1874, Carl Wernicke na Jamus ya bayyana akasin haka: magana tana zuba ba ma'ana, fahimta kuma ta raunana. Gane nau'in afaziya shi ke nuna irin horon da ya dace.

Matakin farko asibiti ne. Mutumin Matameye da maganarsa ta sarƙe farat ɗaya ya kamata a garzaya da shi asibitin gunduma, daga nan a tura shi babban asibitin Damagaram in hali ya yi. Zaton iskoki ko sammu yana cinye sa'o'in da likita ya fi buƙata.

Bayan an tsira da rai sai horon magana, wato ortofoni. Sauƙi ya fi saurin samuwa a watannin farko, amma yakan ci gaba shekaru. Akwai nemo kalma ta siffofinta: in "tulu" ya ɓace wa majinyaci, sai a tambaye shi da me ake yin sa, me ake zubawa ciki, har sunan ya faɗo. Akwai horo mai tsanani da aka gabatar a 2001, inda ake hana nuni da hannu domin baki ya yi aiki. Akwai horon rerawa da aka tsara a Boston ta Amurka a 1973, inda ake rera gajerun jimloli ana buga hannun hagu. Sannan akwai horar da iyali: gajeruwar jimla, haƙurin jira, da barin ƙarasa wa majinyaci zance.

Duk waɗannan an tsara su ne da harsunan Turai, kuma a nan aikin mai nazarin harshe yake. Hausa tana bambanta ma'ana da karin sauti da tsawon wasali. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya kari ne ya raba su. "Gari" na zama da "gari" na tuwo kuwa tsawon wasali ne. Rerawar da ta saɓa wa karin kalma tana iya koya wa majinyaci wata kalma daban. Haka nan wanda ya yi lakkwal: Faransancinsa da Hausarsa ba lalle su dawo tare ba, dalilin da ya sa Michel Paradis ya fitar da gwajin masu harshe biyu a 1987.

Saboda haka, jerin kalmomin gwaji na Hausa masu alamar kari, da hotunan abubuwan da ɗan Matameye ya sani, aiki ne da ke jiran ɗaliban wannan sashe tare da likitoci. Idan babu su, za a auna majinyaci da harshen da ba nasa ba.