Me Ya Sa Ake Waƙa a Gidan Makoki? Darasi Kan Tashin Matattu a Addinin Kirista



A zangon karatun da ya wuce, wata 'yar ajinmu ta rasa mahaifinta bayan ya daɗe yana jinya. Malamar ajinmu ta ɗebi wasunmu, Musulmi da Kirista, muka je gidansu ta'aziyya. Mun tarar da matan zumunta zaune a tsakar gida suna waƙa suna kaɗa tulu, amma hawaye na zuba a fuskokinsu. A hanyar dawowa wani daga cikinmu ya ce, "Malama, yaya mutum zai yi kuka da waƙa a lokaci ɗaya?" Ta ce mu kai tambayar wurin malamin Ilimin Addinin Kirista. Mun kai, ya ba mu wuraren da za mu karanta a Littafi Mai Tsarki. Ga abin da muka samo.

Kiristoci sun gaskata cewa an gicciye Yesu Almasihu a Urushalima ranar Juma'a, a zamanin gwamna Bilatus, wanda ya mulki Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36. Aka sa shi a kabarin dutse. A rana ta uku, wato Lahadi da sassafe, wasu mata, cikinsu har da Maryamu Magadaliya, suka je suka tarar kabarin ba kowa. Labarin yana ƙarshen littattafan Bishara huɗu: Matiyu, Markus, Luka da Yahaya. Wannan ne ake tunawa da shi a bikin Ista, wanda yakan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Shi ya sa muke samun hutu ranar Juma'ar da Litinin ɗin.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne halin da almajiransa suka shiga kafin nan. Da ma mun ɗauka jarumai ne, ashe tsoro ya kama su sosai. Bitrus ya yi musun saninsa har sau uku. Sauran suka kulle kansu a ɗaki. Biyu suka kama hanyar wani ƙauye mai nisan kamar kilomita 11 daga Urushalima, suna tafe suna cewa abin da suka sa rai a kai ya rushe. Toma kuwa ya ƙi yarda da labarin tashin, ya ce sai ya ga tabon ƙusa da idonsa. Mu dai mun tausaya wa Toma, don da mu ne, wataƙila haka za mu ce. To waɗannan mutanen ne daga baya suka fito fili suna wa'azi, ana kama su ana dukansu, ba su daina ba. Malam ya ce Kiristoci suna kallon wannan canji su ce: in mutuwa ba ta iya riƙe Yesu ba, ba za ta riƙe masu binsa har abada ba.

A coci ana kiran wannan "bege". Mu mun saba jin kalmar a kan kewar wanda ake ƙauna, amma a nan tana nufin sa rai ga alkawarin Allah ba tare da shakka ba.

Wanda ya fi yin bayani a kai shi ne Manzo Bulus, a sura ta 15 ta wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa, mutanen wani birni a ƙasar Girka. Ya ce fiye da mutum 500 sun ga Yesu bayan tashinsa. Sannan ya kwatanta binne mamaci da shuka iri. Wannan misalin mun gane shi nan take, domin yawancinmu 'ya'yan manoma ne. Farkon damina rumbu ya kusa ƙarewa, tuwon dare ma sai an yi dabara, amma baba zai ɗauki geron da ya ɓoye ya je ya binne shi a ƙasa. Wanda bai san noma ba zai ce asara ce. Shi kuwa baba ya san abin da zai fito ya fi abin da ya binne. Haka Kirista yake kallon kabari.

Kuma Bulus ba a cikin jin daɗi ya yi wannan magana ba. Shi da kansa ya lissafa cewa sau biyar aka yi masa bulala 39, sau ɗaya aka jejjefe shi da duwatsu, sau uku jirgin ruwa ya fashe da shi. An kuma sha ɗaure shi a kurkuku. Da wani mai ƙoshi ne ya ce a yi haƙuri, da ba za mu ji maganar da nauyi haka ba.

To, ina batun kuka? Mun yi zaton mai bege bai kamata ya yi kuka ba. Sai malam ya buɗe mana Yahaya sura ta 11. Li'azaru, abokin Yesu, ya mutu a Betanya, ya kwana huɗu a kabari. Da Yesu ya iso ya ga 'yar'uwar mamacin da maƙwabta suna kuka, shi ma ya yi hawaye, alhali yana shirin ta da shi. Haka nan a wasiƙarsa ta farko ga mutanen Tasalonika, Bulus bai hana su baƙin ciki ba, ya dai ce nasu ya bambanta da na wanda ba ya sa ran komai. Ashe abin da muka gani a tsakar gidan nan ke nan. Hawayen na rabuwa ne, waƙar kuma ta sa ran sake saduwa.

Wata ta tambaya ko wannan bege ba zai sa mutum ya naɗe hannu yana jiran lahira ba. Malam ya nuna mana cewa a ƙarshen sura ta 15 ɗin nan, Bulus ya gargaɗe su su dage da aiki, kuma da shiga sura ta 16 sai ya kama maganar tara gudummawa domin 'yan uwansu da ke Urushalima. Mun tuna cewa matan da suka yi waƙar su ne suka zo da masara da itacen girki.

'Yan ajinmu Musulmi sun bayyana mana cewa su ma sun yi imani da tashin ƙiyama, sai dai a wurinsu ba a gicciye Annabi Isa (AS) ba, Allah ne ya ɗauke shi zuwa gare shi. Mun saurari juna, ba a yi gardama ba.

Ƙawarmu ta dawo makaranta bayan mako biyu. Mun raba darussan da suka wuce ta, kowa ya kwafe mata ɗaya. Har yanzu wani lokaci takan kifa kai a kan tebur ta yi shiru, mu kuma mukan bar ta har ta ɗago da kanta. Kafin mu manna wannan rubutu a allo mun karanta mata shi, ta ce mu manna, amma kada mu sa sunanta.