Darasin Kasuwanci: Abin Da Jami'o'i Suka Gano Game Da Maigida Da Dillali Da Yaron Shago

A sassan nazarin tattalin arziki da na tarihi na jami'o'inmu, akwai fannin da ya keɓanta ga binciken yadda mutanen kowane yanki suke gudanar da cinikinsu, da irin tasirin da hakan ke yi ga bunƙasar arzikin ƙasa. Tambayoyi uku ɗalibin wannan fanni yake bi: ina ɗan kasuwa ke samun jari, wane ne ke tsaya masa idan ya karɓi kaya bashi, kuma wane ne zai riƙe kasuwancin bayan ransa. A darasinmu na wannan fitowa za mu duba amsoshin da aka samu a wurare biyu, wato Ibadan da Nnewi.

Tsarin maigida a Sabon Ibadan

A tsakanin 1962 da 1963, wani masani mai suna Abner Cohen ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1969. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda falke zai taso da shanu daga Arewa, ya sayar da su bashi ga mahautan da bai taɓa gani ba, ba takarda, ba jingina, kuma kuɗinsa su fito.

Ya gano cewa sirrin yana hannun maigida. Shi ne ke ba falke masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalansa waɗanda suka san halin kowane mahauci, da yawan bashin da zai iya ɗauka. Bugu da ƙari, maigida shi ne mai lamuni. Idan mahauci ya gaza biya, nauyin yana wuyansa, domin in ya bari baƙonsa ya yi asara, labari zai kai Arewa, fatake su ƙaurace wa gidansa. Ke nan maigida ya haɗa aikin banki da na kamfanin inshora da na masauki, kuma babban jarinsa shi ne sunansa.

Wannan tsari daɗaɗɗe ne. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya bayyana yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙa zuwa Gwanja, ta ƙasar Gana ta yau, bisa irin wannan amana. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga cikin Agalawa ya fito. Da goro ya fara, sa'an nan bayan hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, ya shiga sayen gyaɗa.

Yaron shago a ƙasar Ibo

A kudu maso gabas kuwa, amsar tambayar jari ta bambanta. Yaro yakan yi wa ubangidansa hidima a shago shekaru da dama ba albashi, yana koyon sirrin sana'a. Idan wa'adi ya cika, sai a sallame shi da jari, a kuma gabatar da shi ga masu ba da kaya, ya buɗe nasa shagon. Shi ma nan gaba sai ya ɗauki wani yaron.

Tom Forrest, a littafinsa na 1994, ya nuna yadda 'yan kasuwar kayan gyaran mota na Nnewi suka tashi daga shigo da kaya daga Japan da Taiwan, suka kafa masana'antun ƙera su a gida cikin shekarun 1980. A garin ne kamfanin Innoson ya buɗe masana'antar haɗa motoci a 2010. Abin lura a nan shi ne, ribar saye da sayarwa ba ta ɗaga yanki sosai sai an juya ta zuwa masana'anta.

Inda raunin yake

Duka tsarin biyu sun dogara ne ga sanayya. Amana tana aiki a tsakanin waɗanda suka san juna, amma banki takardun ciniki yake tambaya. Har ila yau, kasuwancin da lissafinsa ke cikin kan mutum ɗaya yakan watse ranar rabon gado: masu bin bashi su zo da hujja, waɗanda ake bi su yi shiru. Haka kuma alkawarin sallamar yaro da aka yi da fatar baki yakan jawo rigima idan lokacin cikawa ya zo.

Abubuwan da ɗan kasuwa zai ɗauka

Na farko, a buɗe littafin shiga da fita, a kuma raba kuɗin shago da kuɗin cefane. Na biyu, a rubuta duk bashi gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. Na uku, a rubuta wa yaron shago wa'adinsa da abin da za a sallame shi da shi tun ranar da aka ɗauke shi. Na huɗu, a yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda aka kafa a 1990. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, kuma kamfani mai rajista ba ya mutuwa da mutuwar mai shi.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin kasuwanni da su riƙa karɓar ɗaliban da ke zuwa da tambayoyi. Sau da yawa akan zaci jami'an haraji ne, a kore su. A nemi takardar shaida daga jami'arsu, in sun nuna, a ba su haɗin kai, domin abin da suka rubuta shi ne hujjar da za a kai gaban banki da gwamnati cewa waɗannan tsare-tsare sun cancanci tallafi.