Hannun majiyyaci da Jamusanci

Ina koyar da Jamusanci ga ma'aikatan jinya masu shirin aiki a asibitocin Jamus, inda ake neman shaidar matakin B2 kafin a amince da takardunsu. Darasin gaɓɓan hannu shi ɗalibai suka fi rainawa, alhali kuwa hannun majiyyaci ne za su fara kamawa kowace safiya.

Mu a wurinmu, tun daga kafaɗa har farce duk hannu ne. Bajamushe ya raba shi biyu: daga kafaɗa zuwa wuyan hannu der Arm, sauran kuma die Hand. Idan damtse ne ya kumbura ka rubuta Hand a rahoto, ka tura likita inda ba nan ciwon yake ba. Haka ma yatsa: na hannu der Finger, na ƙafa die Zehe, ba a haɗa su.

Yatsun kansu ba su da wuya, duka biyar der suke ɗauka: Daumen babban yatsa, Zeigefinger manuniya, sai Mittelfinger, Ringfinger da kleine Finger. (A Jamus da babban yatsa ake fara ƙirga, don haka wanda ya ɗaga shi tare da manuniya biyu yake nufi.)

Inda ake tuntuɓe shi ne kalmomin da aka harhaɗa. Ɗalibi ya ji Hand a farko, sai ya maƙala musu die gaba ɗaya. A'a. Kalmar ƙarshe ita ke yanke jinsi. Shi ya sa wuyan hannu, inda ake jin bugun jini, ya zama das Handgelenk. Bayan hannu, inda ake yawan sa allurar ƙarin ruwa, der Handrücken. Tafi kuwa die Handfläche. Kan yatsa da ake tsirawa don gwajin sikari die Fingerkuppe ne, ko da yake Finger namiji ne. Ku kuma yi hattara da der Knöchel: yana nufin gaɓar yatsa, yana nufin idon sawu. Idan majiyyaci ya faɗe shi, ku ce ya nuna muku wurin.

Kada ku haddace kalma tsirara ba der, die ko das ɗinta. Ana shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta a hannu na tsawon daƙiƙa 30, sau da yawa a yini. Ni dai ina sa ɗalibaina su riƙa kiran sunan duk wurin da suka murza a lokacin, da murya, tun daga tafi har babban yatsa, wanda ake yawan mantawa da shi wajen shafawar.