Ka Yi Addu'a, Ka Kuma Sha Maganinka

Akwai tambayar da ke yawo a tsakanin masu bi daga Kafanchan zuwa Kagoro, daga Zonkwa zuwa Kwoi. Wasu kan yi ta a fili a taron Zumuntar Mata, wasu kuma kunya ta sa su riƙe ta a ciki: "Idan an ɗora mini hannu an yi addu'a, na kuma ci gaba da shan maganin asibiti, ba rashin bangaskiya na nuna ba?"

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, amsar ita ce a'a. Jikin nan amana ce da Ubangiji ya damƙa maka, da shi kake durƙusawa, da shi kake zuwa sujada, da shi kake noman abin da za ka ba da baiko. Wanda ya halicci ruhu shi ya halicci hanta da ƙoda, kuma shi ya ba likita basira. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne da za a ce sai ɗaya ta bar gida.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. Luka, marubucin bishara da Ayyukan Manzanni, likita ne, kuma Bulus bai ce ya bar sana'arsa ba. Da ciwon ciki ya dami Timoti, Bulus shawarar abin da zai sha ya ba shi, a wasiƙarsa ta fari sura 5. Sarki Hezekiya ya yi kuka ga Allah, Allah ya ji, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurunsa.

Tarihinmu ma haka ya nuna. Cikin mutum uku da suka zo da aikin mishan na SIM a 1893, biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, ciwo ya kashe su a 1894. Waɗanda suka biyo bayansu sun ɗauki darasi. Dakta Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka laƙaba wa Bature Mai Magani, yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, kuma bai ajiye jakar maganinsa ba don ya ɗauki alƙalami. Asibitin St. Louis na Zonkwa da asibitin Jankwano na Jos, dukansu ikkilisiya ce ta gina su. Iyayenmu da suka karɓi bishara, tare da ɗakin shan magani suka karɓe ta.

Shaida ba ta soke takardar likita

Allah yana warkarwa, ban da shakka a kai. Amma idan ka gaskata ka warke, koma asibiti a gwada ka. Yesu kansa ya tura kutaren da ya warkar su je firistoci su duba su, domin su ne masu tantancewa a wancan zamani. Idan gwaji ya tabbatar, shaidarka ta ƙara ƙarfi. Kafin nan, kada ka zubar da ƙwaya ko ɗaya.

Akwai cututtuka huɗu da dakatar da maganinsu ke jawo babbar ɓarna. Hawan jini ba ya ihu; mutum na iya jin garau alhali jijiyoyinsa suna lalacewa, sai wata safiya ɓarin jiki ya shanye. Maganin ƙanjamau ana shan sa kullum, kuma idan an yi ta tsallake shi ƙwayar cutar takan bijire masa. Tarin fuka yana bukatar aƙalla wata 6 cur, ko da tarin ya lafa a wata na biyu. Farfaɗiya kuma ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukar ta ta miyau, kuma yawancin masu ita suna samun sauƙi idan sun dage da magani. Duk wanda ya ce ka jefar da maganin waɗannan don ka nuna bangaskiya, ko wane ne shi, ka gaishe shi da ladabi ka ƙi shawararsa.

Yadda mai ciwo zai bi da azumi

A farkon shekara ikkilisiyoyi da yawa kan kira azumi, sannan ga kwana 40 kafin Ista. Azumi abu ne mai kyau, amma ba kowane jiki ne zai ɗauke shi iri ɗaya ba. Ikkilisiyar Katolika ma ta ɗora wajibcin azumin Laraba ta Toka da Juma'a Mai Kyau a kan masu shekara 18 zuwa 59 ne, ta kuma ɗauke wa marasa lafiya.

Idan kana da ciwon suga, musamman mai allurar insulin, je ka ga likita kafin ranar farko. Idan kana cikin azumi ka ji jiki na rawa, zufa na karyo maka, ido na duhu, zuciya na bugawa, to sugan ya faɗi. Karya azumin nan take da ruwan da aka zuba wa sukari cokalin shayi uku, sannan ka ci abinci. Kada ka ce bari a kai ƙarfe shida.

Mai sikila kada ya yi busasshen azumi ko na yini ɗaya, domin ƙarancin ruwa a jiki na tayar da ciwon. Haka mai ciwon ƙoda. Mai juna biyu, mai shayarwa, mai gyambon ciki da tsofaffi su nemi wata hanya: cin abinci marar nama, barin shayi mai zaƙi, ajiye waya da talabijin na mako guda, a cika wannan lokaci da addu'a da karatun Kalma. Abin da Ishaya sura 58 ta fi ba nauyi a azumi shi ne ciyar da mai yunwa da sakin wanda aka danne. Wannan kuwa mai ciwon suga ma zai iya.

A mai da harabar coci wurin awo

Da wuya ka sami ikkilisiya a wannan yanki da ba ta da nas ko ungozoma ko ma'aikacin lafiya, ga Kwalejin Koyon Jinya da Ungozoma a Kafanchan tana yaye su. Dattawa su zauna su ware kuɗi daga asusu a sayi na'urar awon jini da ta awon suga. Lahadi ɗaya a wata, bayan sujada, a sa tebur a inuwa.

Mutum ya zauna ya huta minti 5 kafin a auna shi. Idan awo ya kai 140/90 ko ya wuce, a sake aunawa wata rana. In ya maimaita, a tura shi asibiti. Idan ya kai 180/120 tare da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji ko dishi-dishin gani, ranar nan zai tafi, ba gobe ba. Sugan da aka auna da safe kafin a ci komai, idan ya kai 126, shi ma na likita ne. Sakamakon kowa sirrinsa ne. Kada ya fito a sanarwa, kada ya fito da sunan "abin addu'a" sai da yardar mai shi.

A koya wa 'yan Boys' Brigade da mawaƙa da matasa alamun shanyewar jiki: baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe. Idan haka ta faru, a nemi mota zuwa babban asibiti, kamar na Kafanchan. A yi addu'ar a cikin mota. Kada a ɗura masa ruwa ko mai a baki, domin zai iya shaƙewa.

Sau da yawa abin da ke raba mutum da maganinsa aljihu ne, sai ya lulluɓe rashin da maganar bangaskiya don kada a raina shi. Yadda muke tara gudummawar jana'iza cikin kwana biyu, mu buɗe asusun marasa lafiya tun mutum yana da rai. Sakataren ikkilisiya kuma ya bincika yadda ake shiga inshorar lafiya ta jihar Kaduna, wato KADCHMA, ya bayyana wa jama'a da Hausa da harshen gida.

Abin da ke cikin tukunya

Ƙasarmu ba ta rage mu da komai ba: acca, dawa, wake, gwaza, zogale, rama, yakuwa, karkashi, ga citta a Kachia da ƙasar Jaba. Matsalar ita ce abin da muke ƙarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kusan cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Mama, rage dunƙule, ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Ki rage a hankali, cikin makonni kaɗan harshen maigida zai saba.

A bukin Kirsimeti, bukin godiya na kaka da taron aure, a ajiye ruwa da zoɓo marar sukari da yawa kusa da lemon kwalba. Wanda ya bar gona ya koma ofis ko shago, ya nemi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. In cocinku ba nisa, bar mashin a gida.

Game da burkutu da ogogoro da ƙwayoyin da ke cin matasanmu, tsawa daga bagadi kaɗai ba ta isa ba. Wanda sha ya kama yana bukatar wani ɗan'uwa da zai riƙa leƙa shi, ya raka shi asibiti a duba hantarsa. Wanda ya daɗe yana sha sosai kada ya yanke rana ɗaya ba tare da ma'aikacin lafiya ba, domin yankewar gaggawa na iya jawo jijjiga.

Kafin a ɗaura aure

Gwajin jini da coci ke nema ba don a tozarta kowa ba ne. Idan saurayi AS ne budurwa ma AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Ku yi gwajin tun ana fara magana, kafin iyaye su shiga, kafin a kai kaya. A haɗa da na ciwon hanta nau'in B, wanda ke da allurar rigakafi sau uku. Amarya idan ta sami ciki ta fara awo da wuri, kuma maigida ya tanadi kuɗin mota tun kafin watan haihuwa.

Gajiya da baƙin ciki

Baba Pasto, Fada, uwar zumunta, wannan naku ne. Yetro ya gaya wa Musa cewa ɗaukar kaya shi kaɗai zai gajiyar da shi da jama'arsa. Yesu ya janye almajiransa su huta lokacin da ko zarafin cin abinci ba su samu ba. Babban mutum na bukatar barcin awa 7 ko fiye. Kwanan addu'a yana da wurinsa, amma direba ko ɗan acaɓa da ya kwana a tsaye kada ya ɗauki fasinja da asuba. Ku raba aiki, ku ware rana guda a mako ta hutu, ku ma ku miƙa hannu a auna ku a gaban jama'a domin maza su daina jin nauyi.

Yankinmu ya ga tashin hankali, tun daga rikicin 2011 har hare-haren da suka biyo baya a ƙauyuka. Akwai waɗanda har yau ba sa barci, ƙarar ƙofa ta firgita su, abinci ya fita ransu. Kada a ce musu bangaskiyarsu ce ta raunana. Da Iliya ya gaji da rai a jeji har ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara aiko masa shi ne abinci da ruwa da barci, magana ta biyo baya. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu ya hana mutum aiki da ci da barci, a kai shi ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Idan ya fara maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin feshi daga gidan, a nemi taimako a ranar.

Ciwo ba tambarin zunubi ba ne

Da almajirai suka nemi sanin laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, Yesu ya wanke shi ya wanke iyayensa, a Yohanna sura 9. Bulus da ya warkar da wasu, shi ne ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas yana jinya a Militas. Saboda haka idan jikin wani ya shanye, kafin a nuna wata tsohuwa da yatsa a kira ta mayya, a tambaya yaushe rabon da a auna jininsa. Zargin maita ya raba gidaje da yawa a kan abin da gishiri da hawan jini suka yi.

Bangaskiya tana da aikinta babba a jinya. Ita ke ba mutum ƙarfin halin haɗiye ƙwaya shekara da shekaru ba tare da ya fid da rai ba. Ziyarar 'yan'uwa tana sa majinyaci ya ci abinci. Gafara tana sauke nauyin da ke hana barci.

Ga abin da nake roƙonka cikin wannan mako. Je a auna jininka da suganka, ka rubuta lambar a ajiye. Idan ka bar wani magani, koma wurin wanda ya rubuta maka ka gaya masa gaskiya, kada ka ci gaba da kanka. Ka kai maganar teburin awo gaban dattawan ikkilisiyarku. Sannan ka ziyarci majinyaci guda, ka yi addu'a da shi, kafin ka tashi ka tambaye shi ko maganinsa ya ƙare. Ubangiji ya ba mu lafiyar da za mu yi masa hidima da ita.