Faɗuwar Gaba Bayan Haihuwa: Ba Kullum Iska Ba Ce

Darasinmu na wannan fitowa daga ajin matan aure da nake koyarwa a Rano ya taso. Wata ɗalibata da aka auro daga Kibiya, wata uku da haihuwa, sai ta kama rama alhali tana cin abinci sosai. Ga faɗuwar gaba, ga rawar hannu, ga gumi ko a hunturu. Dangi suka ce iska ce, wasu suka ce kishiya. Da aka auna jininta a Kano, ashe tayirod ce.

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuyanki, ita ce in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Sinadarinta ne ke tsara saurin aikin jiki. Akwai kuma adirinalin, mai fitowa daga saman ƙoda, wanda ke sa ƙirjinki dukan uku-uku in kika ga maciji a madafa.

To me ya haɗa su? A 1977 Robert Lefkowitz da abokan aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka suka ba ɓeraye sinadarin tayirod, sannan suka duba zukatansu. Sai suka tarar wuraren da adirinalin ke kamawa a jikin zuciya sun ƙaru. Kin ga ke nan ba sai shi ya yi yawa ba, ƙofofin shigarsa ne suka yawaita, ɗan kaɗan sai zuciya ta hau gudu. Shi ya sa likita kan rubuta propranolol, mai toshe ƙofofin nan. Wani gwajin ya nuna sinadarin mata, istirojin, na rage ƙarfin abin da ke narkar da adirinalin a hantar ɓera. Na san za ki ce ɓera ba mutum ba ne. Gaskiyarki, amma maganin dai ya yi wa ɗalibata aiki.

Irin wannan ta bayan haihuwa takan juye daga baya ta koma kasala, jin sanyi da ƙiba, kuma mafi yawanci tana lafawa cikin shekara guda. Gishiri mai aidin da aka wajabta a Nijeriya tun 1993 yana kare maƙoƙon ƙarancin aidin ne, ba ya hana wannan.

In kin ga alamun nan, ki riƙe azkar ɗinki, ki kuma sa maigida ya kai ki asibiti. Ki ce wa likita a duba tayirod, gwajin jinin sunansa TSH. In babu a kusa, ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.